Wurin Jonathan a Kan Yashi

"Ka fito ka huta mana, Dawuda! Ga Yazid zai canje ka."

"Bar shi, koci. Wurin Jonathan ne."

Ina zaune a bakin mayo, wato kogi, ina jiran a gyara mini babur, samari kuma suna buga ƙwallon hannu a kan yashin da rani ya bari. Ban san yaron ba, sunansa ma yanzu na ji. Dogo ne siriri, ba takalmi, yashi ya manne masa a wuya da gwiwoyi.

Yashi ba ya tausayin ƙafa. Kowane taku sai ta nutse, kowane tsalle sai an fizgo ta da ƙarfi. Shi ya sa kowa ke da abokin canji, in ya gaji ya fita, wancan ya shiga. Dawuda ne kaɗai ba ya fita. Yana dafa gwiwa, yana haki. In ya jefa ƙwallo ta shiga raga, sai ya waiga gefen fili, inda babu mai jiransa.

Ina zaton tare suka taso da Jonathan ɗin, wataƙila a unguwar Wuro Patuji. Da aka gudu daga nan Mubi bara saboda harin 'yan bindiga, kowa ya bi hanyar da ya samu, kuma har yanzu ba kowa ya dawo ba.

An busa tashi. Kocin ya ce, "Wata rana za ka faɗi, ɗana."

"In na ba wani wurin, Jonathan ya dawo ya tsaya ina?"

Ya karkaɗe jikinsa, ya ɗauki jarkoki biyu, ya nufi rijiya yana ɗingishi.