Zare a Bakin Famfo

A shekarar 1984 Malam Aƙilu na Kusfa ya fara haɗuwa da Dokta Jumare, kuma tun ranar jininsu bai haɗu ba. Aƙilu ne mai haɗa bututun gilashi a ɗakin gwaji na wata kwaleji, irin bututun da ake zuƙe wa iska ƙaf kafin a fara aiki. Ɗan marina ne, idonsa ya san launi. In ya sa wa bututu wutar lantarki, hasken ciki ya yi ja-ja, ya san iska na shiga. Jumare kuwa daga Ingila ya dawo da na'ura mai rarraba haske layi-layi, kowace iska da nata layin.

"Malam mai faci, ido ba ma'auni ba ne," in ji Jumare.

"Ranka ya daɗe, na'urarka ta san akwai kafar da iska ke shiga, amma ba ta san inda take ba."

A 1987 gwaji ya lalace, shugaban sashe ya ɗora wa Aƙilu laifi, har an buga takardar kora. Jumare ya leƙa na'urarsa, ya shaida wa kwamitin bincike layin tururin ruwa ya gani: ɗalibai ne ba su busar da bututun ba.

"Ba don kai na yi ba," Jumare ya ce wa Aƙilu a bakin ƙofa.

"Na sani."

Shekara shida wannan alheri yana ci wa Aƙilu rai.

A 1993 ƙarin girman Jumare ya rataya a kan gwaji guda, masu dubawa za su iso ranar Alhamis. Kwana tara layin iska ya ƙi ɓacewa, girman kai kuma ya hana shi tambaya. Ranar Laraba, da Jumare ya fita sallar azahar, Aƙilu ya jiƙa auduga da sifirit, ya bi mahaɗar bututun ɗaya bayan ɗaya yana shafawa yana kallon hasken. A famfo na uku cikin masu buɗe bututun da rufe shi, launin ya koma shuɗi-shuɗi, alamar sifirit ya shiga ta nan. Ya kwance shi, sai ga koren zaren aikin babbar rigar Jumare maƙale cikin man da ake shafa wa famfon don tare iska.

Ya cire, ya sake shafa mai, ya sa zaren a aljihu, ya hau kekensa.

Washegari layin ya ɓace. Jumare ya yi ta yabon na'urarsa gaban baƙi. Aƙilu na gefe yana wanke kwalabe, bai ɗago kai ba.