Gidan da Muka Saya da Rani

Malam Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. In ka ga rubutuna ya karkace ka yi mini uzuri, abin da zan faɗa ba mai daɗin tunawa ba ne.

Lokacin da abin ya faro ni yarinya ce da ba ta cika ashirin ba, ban daɗe da gama sakandare ba, kuma gaskiya ina ji da kaina. A rugarmu, can gefen Sule Tankarkar, ni ce mace ta farko da ta yi nisa a boko, shi ya sa ko Baffa, mahaifina, in magana ta shafi birni sai ya ce a tambaye ni. Na auri wani mutumin Gumel mai aiki a wata masaƙa a Kano. Muna zaune a ɗaki guda a gidan haya cikin birni, mu da jaririyarmu, kullum ana faɗa a kan igiyar shanya da layin banɗaki. Ba abin da nake mafarki irin gidan kaina.

Shekarun farin nan ne da kowa ya sani. Shanun Baffa suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya ga in ya ƙara jira ko fata ba zai tsira da ita ba. Ya kora ragowar zuwa kasuwar Maigatari ya sayar da su a wulaƙance. Da na je gaishe shi ya zaunar da ni ya ce dukiya mai ƙafa huɗu ta gajiyar da shi, yanzu yana son ya sa ta a abin da ba ya jin ƙishirwa. Ya ce in nemo gida a Kano mu zauna a ciki, ƙannena in sun zo karatu su sami inda za su sa haƙarƙarinsu. Ka ga ke nan gidan da za mu saya ba gida ba ne kawai. Shi ne duk abin da ya rage na garken da Baffa ya gada daga kakanninsa.

Ana tsakiyar zafin bazara wani dillali ya kai mu wata sabuwar unguwa a bakin gari, inda gonaki ke komawa gidaje. Ina ganin gidan na ji ya shiga raina: shafen siminti, rufin kwano, tagogin gilashi, ga shuɗin fenti har yana ƙamshi. Abu ɗaya, ya ɗan fi maƙwabtansa yin ƙasa, sai ka gangara kafin ka shiga zaure. Dillalin ya ce ai shi ya sa ya fi su sanyi. Maigidana ya ja ni gefe ya ce mu bari damina ta zo mu gani tukuna. Na ce masa wace daminar, wadda aka yi shekaru ana roƙo ba ta zo ba? Na ce in muka tsaya nawa irin ta mutanen Gumel wani zai riga mu. Ya yi dariya ya ce to, dukiyar Baffanki ce. Mu mutanen jigawa ne, Malam Edita. A wajenmu in an yi ruwa, kafin ka ɗaura zani yashi ya shanye shi. Ban taɓa sanin ruwa yana da wurin kwana ba.

Ranar da muka tare matan unguwa suka shigo da abinci. A cikinsu akwai wata dattijuwa mai barkwanci da katangarmu ɗaya, kowa Iya yake ce mata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, 'yar Fillo, kin dai iya iyo ko? Matan suka kwashe da dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Na ɗauka tsokana ce, na ce mata in ta koya mini iyo ni kuma zan koya mata bambanta nono da tsala. Da na tashi dasa darbejiya a tsakar gida na yi ta tono fasassun tangaran da tsofaffin takalman roba da baƙar ƙasa mai wari. Na ce ƙasar birni ke nan, na mayar na rufe.

Sai Allah ya sako damina, irin wadda aka manta da ita. Ruwan farko a tsakar gida na tsaya ya dake ni, ina murna ina tuna gonar Baffa. Ba a jima ba ƙofar ɗakin kwana ta fara cijewa. Danshi ya riƙa hawa bango, kwaɗi suka tare mana tsakar gida. Wata safiya na ga tsaga ta fito daga ƙasan bangon ɗakin kwanan har kusa da taga, na sa yatsa na ji ashe bayan simintin nan jar ƙasa ce, ta jiƙe kamar tuwo. Na zaga wurin Iya na tambaye ta. A ranar ba ta yi wasa ba. Ta ce wurin nan kududdufi ne, daga nan aka haƙi ƙasar da aka gina unguwar, 'ya'yanta a ciki suka koyi iyo. Da fari ya busar da shi aka yi ta zuba shara har ya cika, wani ya daddale ya yi gini ya sayar. Na ce, haba Iya, me ya hana ku faɗa mana? Ta ce, 'yar nan, kin tambaya? Ta ce ba a shiga cinikin mutane a ɓata, kuma mu sai da muka biya sannan muka zo gaishe su.

Na koma gida. Maimakon in faɗa wa maigidana, sai na ja kabad ɗin kwanukana na rufe tsagar. Tsoro nake ji ya ce ai ya faɗa mini, na fi jin tsoron labarin ya kai kunnen Baffa. Na riƙa roƙon Allah damina ta wuce lafiya, da kaka a yi gyara ba wanda ya sani.

Wata Juma'a cikin Agusta aka tashi da ruwa tun safe. Maigidana ya tafi masallaci cikin gari. Bayan azahar sai na ga ruwan kowane lungu ya nufo ƙofarmu, kamar shanu sun dawo daga kiwo. Ina zaure ina kwalfewa da kwano, yarinya tana barci a kan gado, sai na ji wani nishi daga cikin ɗaki, irin na saniya in za ta faɗi. Na ruga. Kabad ya karkato, kwanuka suna zubowa, ruwa yana ɓulɓulowa daga ƙasan daɓe. Na sunkuci yarinyar na juya, ƙofar da ta rufo bayana ta ƙi buɗuwa. Na ja, na doka, na yi ihu har muryata ta tsage. Iya ce ta ji ni. Ta ratso ruwa har gwiwa da taɓarya a hannu, ta fasa tagar gilashin nan da nake taƙama da ita, tana cewa miƙo ta, miƙo ta, don ubanki miƙo ta! Na miƙa mata yarinyar, na biyo baya gilashi yana yankar cinyata ban ma ji ba. Ba mu kai ƙofar gidanta ba bangon ya zauna. Rufin ya bi shi, daidai kan gadon.

Wanda ya sayar mana ba a sake ganinsa ba, filin kuwa ya koma abin da yake tun asali. Da na gaya wa maigidana maganar tsagar bai yi faɗa ba. Sai dai ya ce, kin sani, kuma kike kwantar da ita a wurin? Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Ni na ce zan je in faɗa wa Baffa da bakina. Tun daga Gumel har rugarmu ƙasa ta yi kore shar, ciyawa har ƙugu, amma babu dabbar da za ta ci. Na same shi zaune a bakin tsohon shingen shanu. Na durƙusa na faɗa masa da Fillanci, don ban iya faɗa da Hausa ba. Ya karɓi jikarsa ya duba ta daga kai har tafin ƙafa, ya yi hamdala. Can ya ce kada in gaya wa Inna, mahaifiyata, yau, a bari ta ci tuwon dare. Sannan ya ce wani mai kuɗi a Ɗanzomo ya daɗe yana nemansa ya riƙa yi masa kiwon shanu, yana ƙi, gobe da safe zai je ya karɓa. Mutumin da bai taɓa bin bayan saniyar wani ba. Yanzu haka yana can da sandarsa.

Abin da na koya, karatun da nake ji da shi bai kai gaisuwa guda a ƙofar maƙwabci ba, kuma kunyar da na ji ta kusa sa ni binne 'yata. 'Yan uwana, musamman mu da muka fito daga ƙasar yashi muke kwaɗayin gida a bakin birni, kada fenti ya ruɗe ku. Kada ku sayi gida da rani. Ku je cikin Agusta ku tsaya a ƙofarsa ana ruwa, ku ga inda ruwan ya nufa. Ku shiga wurin tsofaffin unguwa kafin ku biya, ku tambaye su me ke wurin a da. In kuma kin ga tsaga a bango, 'yar uwa, ki faɗa a ranar, ko da za a zage ki.

Mun koma ɗakin haya. Bana ma damina ta yi kyau, in hadari ya haɗo kowa sai murna. Ni kuwa sai in goya 'yata in fita waje in tsaya, har sai an ɗauke.