Ranar da Kunya Ta Ba Ni Maki Arba'in

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba zan manta ranar da na kayar da kaina da bakina ba.

Muna shekarar ƙarshe a karatun injiniya a Kaduna, wajen ƙarshen shekarun tamanin, malaminmu ya ce kowa ya ƙera abin da zai amfani jama'a. Wanda ya yi fice za a tura shi wata masana'anta, gurbi ɗaya tak, kuma daga nan sai aiki. Na ƙera injin ɓare gyaɗa, na kai wa masu ƙuli-ƙuli a Rafin Guza, suka gwada har suka so hana ni tafiya da shi.

Ranar gwaji malam ya zo da sabon salo, wai kowa ya tashi ya auna aikinsa, ya ba kansa maki bisa ɗari. To ni ɗan gidan tarbiyya ne, irinmu da ko yunwa na ƙwaƙular mu, in an ce bismillah sai mu ce mun ƙoshi, muna jiran a nace. Na sunkuyar da kai na ce, "Malam, arba'in ma ta yi yawa."

Ya ce, "Me ya cinye sittin ɗin?"

Na rasa aibi ko ɗaya da zan ambata. Na ce, "Ai yabon kai jahilci ne."

Ya ce to, ya rubuta arba'in. Na tsaya ina jiran ya nace. Har yau bai nace ba.

Sai wani abokina ɗan Abakpa ya tashi, wanda ya ƙera wani famfo mai yoyo kamar kwando. Ko kunya babu, ya ce robar da ya sa ba ta da kauri, bai kuma tambayi masu ɗiban ruwa komai ba, ga yadda zai gyara, don haka sittin da biyar. Shi aka tura.

Na bi malam har mota raina a ɓace. Ya ce, "Injinka ya fi famfonsa. Amma gobe in an tambaye ka ko gada za ta ɗauki tirela, kunya za ka ji?"

Takaicin nan ya daɗe yana ci na. Abokina ya yi ritaya yana babban injiniya, ni kuwa duk unguwarmu an shaide ni da ladabi, madalla. Tun daga ranar na gane rage wa aikinka daraja ƙarya ce daidai da ƙara masa. In an ce ka auna kanka, to ba tayin abinci aka yi maka ba, faɗi abin da ka gani.