Ranar da Zaren Mama Berta Ya Tsinke

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Kundiawa ya san Mama Berta Wemin, ko bai sayi bilum ɗinta ba ya sha faɗanta. Shekara arba'in tana murza zare a cinya tana saƙa jakunkunan nan da ake kira bilum, har cinyar ta yi kanta. Mijinta ya rasu tuntuni. Ɗanta guda, Kaupa, direban babbar mota ne a hanyar Lae, shi kuma ƙanjamau ce ta kwantar da shi. Ya tafi ya bar ta da jar jakar da ta fara saƙa masa ba ta gama ba.

Bayan an binne shi ta warware jakar, ta yayyanka zaren. Ran Lahadi ta tsaya ƙofar coci tana ɗaura wa samari da 'yan mata a wuyan hannu, ita ma ta ɗaura nata. Sharaɗi ɗaya ne: a kame kai har a yi aure. Wanda ya yi mata dariya sai ta tambaye shi ko ya ga Kaupa a watansa na ƙarshe. Nan dariyar ke tsayawa.

Abu ya karɓu har ya wuce inda ta nufa. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye su! Aka daina duban fuskar yarinya in za a gaisa, sai hannunta.

Lokacin tsinkar kofi, reshe ya fizge zaren Selina, wadda ke ba da waƙa a coci. Kafin ta sauko daga tudu da buhunta, labari ya riga ta isa gida. Dangin saurayinta Gende har sun ware aladun da za su kai sadaki, suka mayar da su garke. Yarinya ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ba mai saurare. Umba, dattijon coci, wanda bai taɓa murza zare ba a rayuwarsa, ya ce shi dai ya san zaren Mama Berta ba ya tsinkewa haka kawai.

Wannan yabon ya ƙona mata rai ƙwarai. Ta san zarenta sarai, ta kuma san abin da sabulu da zafin rana ke yi masa cikin wata takwas. Ta taka har gidan su Gende ta yi bayani. Aka ba ta gasasshen dankali, aka ce ita dai tausayi ne ya yi mata yawa.

Ran Lahadi ta zauna a bencin gaba. Ana tsakiyar waƙa ta ɗaga hannu sama, ta zura yatsa ta finciko zarenta, ya faɗi daidai ƙafar Umba. Waƙa ta mutu.

"To, Dattijo," ta ce, "ga nawa ma ya tsinke. Faɗa wa jama'a da wa na yi. Ni dai makon nan kai kaɗai ka shigo gidana."

Matar Umba, wadda ita ta aike shi sayen bilum, ta fara fashewa da dariya, coci ya ɗauka, har fasto ya ɓoye fuska bayan Littafi.

Ran Asabar aladu suka iso gidan su Selina.

Mama Berta ba ta daina faɗa ba. Har yau tana tare matasa a kasuwa da maganar kame kai, masu shirin aure kuma ta tura su gwajin jini, su biyun. Zare dai ba ta ƙara ɗaura wa kowa ba. Guntun da ya faɗi ranar nan, da aka watse ta koma ta durƙusa tana lalube ƙarƙashin benci har ta same shi. Abin da ya rage mata ke nan na jakar Kaupa.