Zangarniya a Kan Keke

Buhu talatin na irin gero na kwaso daga Dawanau a shekara ta biyu da ake fari, sabon iri mai nuna da wuri. Duk abin da na tara a shekara tara ta fataucin hatsi yana cikin buhunan nan. Na ci kasuwar Bagwai sau uku, ta Kunci sau biyu, ban sayar da tiya goma ba. Manomi ba ya shuka abin da bai gani a kan kara ba. Irin kakansa na rataye a rumbu, ko yunwa ba ta sa a sussuke shi.

Sai na nemi mai lasifika, wani siririn mutum da ke bin kasuwanni a keke yana tallan sabulu da maganin ɓera. Surukansa maroƙin kamfani suke ce masa. Ni ma a lokacin ban ɗauki aikinsa sana'a ba.

Ya ɗebi irin, ya tauna, ya ce a daminar bana ba zai yi shela ba. Na tambaye shi ko ladan ne ya yi kaɗan.

"Alhaji, in na yi ƙarya a kan sabulu, wanki ɗaya an manta. Iri kuwa daminar mutum ce da iyalinsa."

Tiya guda ya nema, ya shuka a 'yar gonarsa da ke bakin hanyar kasuwa. Na ji haushi, amma ba ni da wata dabara.

Ruwa ya ɗauke da wuri. Geron mutane ya tsaya da ciki bai fid da kai ba, nasa kuwa ya riga ya nuna. Ya yanki zangarniya, ya ɗaure a kan keke, ya shiga kasuwa. Bai cika baki ba. Ya kwatanta gonar, ya ce kowa ya je ya gani. Har aibin irin ya faɗa ta lasifika: karansa gajere ne, ba ya danni, kuma tsuntsu na damunsa don ya riga kowa nuna. Na ja shi gefe na ce talla na sa shi ko ɓatanci. Ya ce wanda ya ji aibin daga bakinsa zai yarda da sauran.

Wata rana muna hutawa a gindin rimi ya tambaye ni, tsakani da Allah, ko ina ganin mai cin abinci da baki ya yi aiki a duniya. Na ce ya bari sai kaka mai zuwa, kada na yi masa talla. Ya yi dariya.

Buhu shida ƙwari suka cinye a ajiya, na kuma yi asarar fataucin shekara guda. Sauran duka an saye su kafin ruwan shuka. A kakar, ƙauyuka huɗu suka ɗaura dami, har da gidan surukansa, waɗanda suka aiko a saya musu tiya biyar ba tare da an faɗa masa ba. Ni na faɗa masa.