Dutsen Kagoro a Kan Katako

Da safe na ɗora kakin zuma a wuta zan fara zane, sai ƙamshin ya dawo mini da marigayi kawuna, mai amya a gindin dutsen Kagoro.

Ina ƙarama ya narkar da kaki a gwangwani, ya barbaɗa jar ƙasa, ya miƙo mini katako da gashin kaza. Ban gama zana dutsen ba kakin ya daskare. Na fashe da kuka.

Ya matso da garwashi a hankali, sai dutsen da na zana ya fara sheƙi kamar yana numfashi.

"Bai lalace ba, 'yata," ya ce. "Sanyi ya ji."

Har ya rasu bai ga zanena ko ɗaya a bango ba. Ubangiji ya ajiye shi a Aljanna, inda babu sanyi.