Baba Pandelis Da Alkamar Mamata

Ƙarfe biyar na safe, ko teku na kwance ko tana hauka, Baba Pandelis ya riga ya ɗaure tukwanensa a kan murhu don kada igiyar ruwa ta kifar da su. Shekara talatin da huɗu ke nan yana ciyar da mu ma'aikatan jirgin dakon kaya, yana balbale mu da faɗa in mun bar wake a faranti. Wannan watan zai sauka a tashar jiragen ruwa ta Piraeus, ya yi sallama da teku.

Ba don girkinsa nake jinjina masa ba, don wallahi miyarsa gishiri ne zalla. Mu mutanen tsibirin Kiyos, in an yi mana rasuwa, sai an dafa alkama da sukari da zabibi, a raba, a yi wa mamaci addu'a. To wanda labarin mutuwar uwarsa ya riske shi a tsakiyar teku, saura mako uku a ga ƙasa fa? Kai ne, Baba, kake jiƙa alkamar ba tare da an roƙe ka ba. Kai ne uban marayun teku. Lefteris mai gyaran inji ya ce sai da ka miƙa masa kwanon sannan ya iya kuka.

Bara, muna hanyar Sin daga Brazil, aka aiko cewa Argiro, matar Baba Pandelis, tana kwance, jiki ya yi tsanani. Ya roƙi kyaftin a sauke shi. Kyaftin ya nuna masa taswira, ruwa ne ta ko'ina. Kullum sai Baba ya tambaya saura kwana nawa. Saura kwana tara mu isa, Argiro ta cika.

Mu ashirin da biyu muka cunkushe a ɗakin girki za mu dafa masa alkamar, ashe babu wanda ya san yadda ake yi. Shekara da shekaru muna ci, ba wanda ya taɓa tsayawa ya duba. Kunya kamar ta kashe mu.

Ya ce, "Ku matsa, 'ya'yana. Za ku ɓata mata ita."

Shi ya dafa, shi ya raba mana, shi ya wanke tukunyar.

Baba Pandelis, mun gode, kuma ka yafe mana. Gidan da za ka koma babu kowa a cikinsa, wannan kam ya fi ƙarfinmu. Ku kuma masu fita teku, ku tsaya kusa da irinsa ku koya tun yana tare da ku. Kada a sake barin mutum ya dafa alkamar matarsa da hannunsa.